Waina Mai Boko

Ayabar da Baffa ya sayo a Gujungu
ta yi baƙi, ƙuda ya fara zagaye.
Tabawa ta ce a ba akuya.
Na ce akuya ta ci dusa.

Na tafasa madarar ruga, na matsa lemun tsami,
ta tsinke, na tace da tsohon kallabi,
cuku ya kwanta kamar auduga.
Fulawa, ƙwan zabi biyu,
ayabar na murje da bayan ludayi.

Ba tanderu. Tukunyar yashi,
gwangwanayen madara shida,
garwashi ƙasa, garwashi kan murfi.

Biyar suka tashi. Ɗaya ya ƙone,
shi na ci a tsaye.
Kaka, ba haƙori ko ɗaya, ta cinye biyu,
ta ce, "Waina ce ta yi boko."