Ina Za a Zuba Tokar?

Bara'atu ta dawo daga Zariya ran Laraba,
ta iske ni a rumfar walda, bakin tashar Anka,
janareto ya shaƙe, ina hura masa filogi
kamar mai lallashin jinjiri.
Ƙofar Alhaji Tukur na jingine tun Asabar,
rabi ƙarfe, rabi alkawari.

Ta ce, "Kawu, buɗe hannunka."
Ta tsinci ƙwayar gyaɗa guda a farantin mai talla
ta aza mini a tafi, kan tabon wuta.
"Akwai wani dutse, yuraniyom.
In an tace shi, an dunƙule shi kamar wannan,
zafin cikinsa ya kai na gawayi buhu ashirin.
Ba hayaƙi. Ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji,
wuta ta biyo waya har Bagega,
ka yi walda tun asuba har ka gaji don kanka."

Na dubi gyaɗar. Ban ci ba.

Ita tana goye a lokacin, ba za ta tuna ba.
Mu ma dutse muka kawo gida,
a buhunan taki, a bayan babur,
muna cewa arziki ya biyo mu har ɗaka.
Turmin da ke daka gero shi ya daka shi.
Ƙurar ta kwanta kan tabarma, a bakin randa,
a yatsun Nafi'u da ke rarrafe.
Zinariya muka gani.
Dalma ta shigo ba sallama.
Watansa goma sha tara.

Daga baya aka zo da shebur
aka kankare ƙasar gidajenmu kamar ana fere kabewa,
aka kai ta wani rami a bayan gari.

Na ce, "Ɗiyata, ba gardama nake ba.
Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura.
Wuta? Wa ya fi ni son ta?
Rabin gumina mai fetur ke sha.
Na ga rigakafi ya lalace a firjin asibiti,
na ji ungozoma ta karɓi haihuwa da fitilar waya a baki.
Amma kowane murhu da tokarsa.
Ita wannan ina za a zuba ta?
Wa zai yi gadinta, ran da albashinsa ya yi wata biyar a hanya?
Taransifomar unguwarmu ta ƙone tun kafin azumin bara,
sau biyu muna karo-karo,
har yau tsuntsaye ke haya a cikinta.
Hannun da ya saki wannan, shi zai riƙe waccan?"

Ta yi shiru.
Ba ta rufe ni da Turanci ba, na gode mata.

Can ta ce, "Tokar kan yi shekaru dubbai ba ta huce ba.
Akwai rumbun ƙarfe da siminti da ake rufe ta.
Amma rumbu ba ya gadin kansa, Kawu.
Shi ya kai ni karatun.
In mu da muka binne namu ba mu koya ba,
waɗanda ba su taɓa binne kowa ba
su za su sa hannu a takarda."

Na ja igiya, janareto ya yi tari, ya kama.
Na miƙa mata baƙin gilashina
don ta kalli tartsatsin ba tare da ya ci idonta ba.
Ta riƙe mini ƙarfen, hannunta bai yi rawa ba.
Muka gama ƙofar Alhaji kafin la'asar.

Da dare, ina lalube a duhu ina neman ashana,
na ji gyaɗar a aljihuna.
Ban ci ba, ban yar ba.
Na aza ta kan taga,
can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.