Daren Laraba a Keighley

Ƙarƙashin tsohuwar masaƙar ulu
akwai wani dogon ɗaki mai warin mai da danshi.
Matakala goma sha bakwai ake sauka.
Na ƙirga su ne ranar farko
don gwiwata na rawa, ban kuwa so a gani.

Maureen Hebblethwaite ke riƙe da filin,
gajeriya, furfura fat, tabarau a igiya.
Kafin ta bar ni in taɓa ƙarfe
sai da na sa hannu a rajista,
na toshe kunne, na rufe ido da gilashi,
na bi bakinta kamar mai ɗaukar rantsuwa:

Kowace bindiga a ɗure take,
ko da ka leƙa ka ga cikinta wayam.
Bakinta ya kalli tudun yashi,
ko tari ya sarƙe ka, ko an kira sunanka ta baya.
Manuniya ta kwanta a gefe,
kada ta yi wa kunama sallama
sai ido ya sami baƙin ɗigo.

Na tuna Kaka Jatau maharbi
da adakarsa mai layu har wuya.
Yatsu takwas ya kai kabari.
In an tambayi sauran biyun sai ya ce
tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Na ba Maureen labarin wajen shan shayi.
Ta juya cokali, ta juya, sannan ta ce,
“Wataƙila. Amma in ya sauko nan
zai tarar da kowace sakata a buɗe.”

Mako na tara ke nan.
Jar fitila ta kama, harbi ya tsaya,
an ja sakatu, an soka 'yar tuta rawaya a kowane ciki,
kowa ya koma bayan layi, hannu sake.
Tamsin da ƙanenta suka taka gaba
su canjo takardun bara,
yadi ashirin da biyar, bayansu gare mu.

Sai Clifford Ackroyd,
wanda rabin kofunan bangon nan sunansa ne,
shekara arba'in yana kwanciya kan tabarmar nan,
ya tsallake layi da taku ɗaya
ya miƙa hannu zai murɗa saiti.
Murɗawa kawai.

“Tsaya! Tsaya! Tsaya!”

Ban san ƙaramin ƙirji na ɗauke da tsawa ba.
Ɗakin ya yi tsit, har ɗigon famfo muke ji.
Bindigar ba komai cikinta,
ga tuta nan kowa na gani,
Maureen ma ta gani.
Ta ce, “Na yau ya ƙare, Clifford.”

Na jira musu. Na jira “kin san ko ni wane ne?”
Kunnensa ya yi ja kamar gauta.
Ya janye hannun a hankali,
ya dube shi tamkar na wani ne,
ya dubi yaran can gaban yashi,
ya ce, “Da gaskiyarki.”
A zuci na ce, sabo turken wawa,
gwani ma in ya yi sake yakan kwana a turken.

Takardata ta daren nan ba abin nunawa ba ce,
ramuka warwatse kamar kaji sun yi tsattsagi,
guda ɗaya tak ya shiga tsakiya, shi ma ban san yadda aka yi ba.
Na karɓi harsashi hamsin, na mayar da kwanso hamsin.
Harsashi zarar bunu ne,
shi ya sa ake lissafi.

A bakin famfo muka haɗu da Clifford,
ya gama wanke kofunan shayin kowa.
Ya matsa mini, ya miƙo sabulu.
“Ruwan sanyi,” in ji shi, “ka cuɗa har ƙarƙashin farce,
dalma ba ta da ƙara, amma ita ma tana harbi.”

Na cuɗa, na ɗauraye,
na ɗaga su gaban fitila suna ɗiga.
Kaka, ka gani?
Goma.

Na hau matakala, ban ƙirga ba.
A waje ana yayyafi.