Cokali Goma

Ranar Alhamis, a asibitin Oaxaca,
ƙarƙashin matakala, inda benci biyu ke kallon juna,
Nas Nereida ta tara mu, mu masu jinya:
matan da suka kwana kan kwali,
wani saurayi da hular gini a cinya,
sai ni, Crescencia, matar mai gado na tara,
wanda aka yanke wa yatsun ƙafa biyu shekaranjiya.

Ba ta yi mana wa'azi ba.
Kwalbar lemo ta dire a tebur, tana gumin sanyi,
kusa da ita kofin gilashi da gwangwanin sukari.
Ta ce, "Ku ƙirga tare da ni."
A cokali na huɗu wata ta tuntsire da dariya.
A na bakwai dariyar ta ɗauke kamar ruwan sama.
A na goma ta ɗaga kofin sama:
"Abin da ke cikin kwalbar ke nan.
Wa zai miƙa wa nasa ya lashe?"

Na matse jakata da gwiwa.
Ƙanwar kwalbar nan tana ciki, naɗe da mayafi.
Da asuba Anselmo ya roƙe ni,
da muryar da ya nemi aurena da ita.

Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye kan murhunsa.
Ranar da aka biya shi, burodi mai zaƙi.
Ranar da aka kore shi, burodi mai zaƙi.
Ban iya faɗin so da baki ba,
a kofi nake zubawa, in juya da cokali.
Ashe zuma ce, ga zaƙi ga harbi,
kuma hannuna ne ya kai ta bakinsa.

Kamar ta ji ni. Ta ce,
"Ba kotu muke ba, babu wanda ya zo da laifi.
Girki muka zo gyarawa."
Ta ɗauko faranti, ta tsaga shi da yatsa:
rabi na ganye ne,
nan wake ko ƙwai ko kifi,
nan gurasar masara, biyu, ba shida ba.
Gishiri kuwa, abin da yatsa biyu suka tsinta.

Saurayin, Wilfrido, ya girgiza kai:
"Ganye ba ya riƙe cikin mai ɗaukar bulo."
Ta ce, "Kai ƙara wake.
Mahaifiyarka da ke kwance ba bulo take ɗauka ba."

Sai ta fara jero sunaye:
furen kabewa, nopal da aka kankare wa ƙaya,
harshen saniya mai tsirowa a gefen gona,
gasasshiyar fara da lemon tsami.
Na ji kunya ta kama ni ta wata ƙofa daban.
Cimar kakata Tiburcia ce ake karanto mini daga takarda,
cimar da na ɓoye wa baƙi,
na kira ta abincin talauci
ranar da aka kawo firiji shagon unguwarmu.

Da na koma ɗaki, idonsa na kan jakata.
Na zauna, na ɓare masa gwaiba,
na zuba ruwa a kofin roba.
Ya ce, "Ina saƙona?"
Na ce, "Yatsu takwas suka rage maka, Anselmo,
kuma ni ce mai yanke musu farce.
Ina son aikina."

Ya juya wa bango fuska.
Can, ba tare da ya waiwayo ba,
hannunsa ya lallaɓo ya ɗauki gwaibar.

Kwalbar na nan a jakata, ta huce.
Ban zubar ba, kuɗi na saya.
Gobe jikokina za su zo dubiya.
Zan ari cokali wajen Nereida.