Kamu Huɗu

A daren da suka busa ƙahon rago,
suka kashe kyandirori ɗaya bayan ɗaya,
ina saman bene wajen mata
ina jin sunan ƙanena Gedalya
yana fita daga bakin dattawa
kamar ana tofar da ƙayar kifi.

Herem, suka ce.
Ya kai ƙarar ɗan'uwa gaban alƙalin Turkawa
kan kuɗin kwale-kwale.
Kada a ci da shi, kada a yi ciniki da shi,
kada a kusance shi fiye da kamu huɗu.

Washegari Salonika ta tashi yadda ta saba,
'yan dako na zage-zage a bakin jirgi,
kifi na ƙyalli cikin kwanduna.
Kwandonsa ƙudaje kaɗai suka taya.

Na sami tsoho Matarasso mai koya wa yara baƙi,
na ce, fassara min abin da ya cinye ƙanena.
Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga.
Harafi uku ne, 'yata, in ji shi,
tushensu abin da aka keɓe.
Gonar da mutum ya ba Ubangiji herem ce,
ba a sayarwa, ba a fansa.
Garin da aka ƙone ƙurmus, shi ma haka.
Tambayi maƙwabcinku Hajji Rustem:
haram ɗinsu da Haraminsu
ciki ɗaya suka fito da tamu kalmar.
Abin tsarki da abin tsinuwa,
duka biyun an hana hannu taɓa su.

To wanne ne Gedalya?
Ya dubi tawadar da ta bushe a yatsansa.
Sai da na kai ƙofa ya ce,
akwai wata herem, suna ne kawai ya haɗa su:
komar masunta.

Ni gyaran koma ne sana'ata tun ina 'yar tara.

Yanzu kowace asuba ina sauka bakin ruwa,
in auna da dantsena, gwiwar hannu zuwa yatsa,
sau huɗu, in ƙara taƙi don masu ido.
Yakan bar komarsa kan dutse, in ɗauka in ɗinke,
in bar gurasa da zaitun inda ta tashi.
Ba mu ci tare ba.
Ina ci a nan, yana ci a can,
iska ɗaya na kaɗa mana gishiri.

Jiya ya yi tari, na kusa cewa sannu.
Na ciji zare.