Hawa na Goma Sha Huɗu

Takardar ta zo ran Talata, farar ambulan mai 'yar taga.
A tsaye na buɗe ta, jakar cefane na rataye a kafaɗa.
Kuɗin haya bai motsa ba, in ji su. Madalla.
Sai ga 'ya'yansa a ƙasa sun ja layi:
kuɗin shara, kuɗin fitilar matakala,
kuɗin gyaran lambu, kuɗin lifta,
da cikon bara, yuro ɗari uku da sha biyu.

Wane lambu?
Ko itacen nan tilo na bakin wurin ajiye motoci,
wanda karnuka suka fi mu sanin amfaninsa?

Lifta kuwa ta mutu tun watan Maris.
Matakala ɗari biyu da talatin da takwas,
da gwiwa nake ƙirga su, ba da baki ba.
Tsoho Aurelio na hawa na sha ɗaya,
rabonsa da taka ƙasa wata biyar ke nan.
Ta taga yake leƙen tekun Marseille
da jiragen da ya shekara talatin yana sauke wa kaya.
Shi ma an caje shi kuɗin lifta.

Ƙarfe huɗu na asuba nake fita goge ofisoshin mutane.
Na san farashin tsintsiya, na san na sabulu,
na san abin da ake biyan hannun da ya riƙe su.
Kada a yi mini lissafin dokin Rano.

Ran Alhamis muka je ofishin hukumar gidaje,
ni da Zalhata, takardunmu cikin leda.
Yarinyar da ke bayan gilashi ta ce kwamfuta ce ta raba.
Zalhata ta ce, to a kira kwamfutar ta zo ta hau benen.
Muka nemi ganin rasit, aka ce mu rubuto.
Har mun juya, yarinyar ta sassauta murya:
ita ma uwarta a gini na uku take, hawa na tara.

Daren nan na baje albashina a tebur, kashi-kashi.
Na ɗebi na nama na ƙara wa lifta,
na ɗebi na takalmin Naïm na ƙara wa lambu.
Ya tsaya a kaina yana tambayar me ya rage.
Na ce ya ɗauki rabin burodin nan ya kai wa tsohon,
ya kunna waya ya haska gabansa,
don fitilar hawa na sha biyu ma ta ƙone.