Ɗigon Ja

Shekara talatin da huɗu ina dillancin fili a Maraɗi.
Takalman da na kashe tsakanin Zariya da Ali Ɗan Sofo
Allah kaɗai ya san adadi.
Iyaka a wurina ba layi ba ce:
daga aduwar nan mai baki biyu
zuwa inda Rabe ya binne turken siminti,
sai ka karkata gabas, taku arba'in,
in ƙafarka irin tawa ce.

Ga Cima, ɗiyar ƙanena,
ta dawo daga Yamai da kwamfuta mai ɓararren kunne.
Wai kamfaninsu na son Maraɗi a shafinsa,
tsakanin Dubai da Abijan,
don ɗanmu da ke Sin yana loda kwantena
ya taɓa gilashi da yatsa
ya ga inda zai kafa gida.
Ta ce, Baba, gani ya kori ji.
Na ce, taka ƙasa ya kori gani.

Ta buɗe.
Ga garin kwance kamar yadda shaho ke ganinsa:
ga Babbar Kasuwa, ga hanyar Ɗan Isa,
ga Gulbi, farin zare ba ɗigon ruwa.
Kowane fili da jan tabo a ka
kamar yaji bisa kilishi.
Ka taɓa tabo, ya buɗe baki:
mita ɗari huɗu, miliyan uku na sefa, takarda cikakkiya.
Ka ware yatsu, ƙasa ta matso.
Ka haɗe su, ta ja da baya
kamar wadda ta hangi suruki.

Lamba sittin da bakwai ta yi kyau a hoto,
shimfiɗaɗɗiya, fes, ko tudun tururuwa babu.
Amma da rani aka ɗauka.
Ni na san ta a watan Agusta,
ruwa har ƙugu, kwaɗi na kwana suna musu.
Na ce, rubuta.
Ta ce, babu gurbin kwaɗi a shafin nan.
Na ce, to haƙa musu.

Dare biyu fitilarta ba ta mutu ba.
Rana ta uku ga shuɗin mayafi bisa taswira,
ka taɓa, damina ta sauko,
ta kwanta duk inda ta saba kwanciya.
Alhajin da ke Sin ya gani, ya fasa.
La'adata ta bi ruwa.
Na sha shayina ba sukari, na yi barci mai daɗi.

Da yamma na ce, nuna mini gidana.
Ta bi lungun Bagalam da ɗan yatsa,
ta wuce masallaci, ta wuce mai nika,
ta tsaya.
Rufin tsohon kwano ne, wanda iska ta yaye bara waccan.
Ashe hoton ya kwana biyu.
Dalbejiyar da na sare tana nan da inuwarta.
A tsakar gida ga wani haske mai kusurwa huɗu,
gujiya ce aka shanya.
A gefenta ga ɗigo, ba ja ba,
ɗan ƙarami, da ƴar inuwa tasa,
sunkuye.

Habsu ce.
Damina biyu ke nan da muka kai ta.

Na ce, ƙara matso da ita.
Cima ta ware yatsu har ƙarshe,
sai ɗigon ya narke, ya zama hazo-hazo.
Na ce, mayar, mayar yadda yake.
Na taɓa, bai faɗi farashi ba,
bai faɗi mita nawa ba.

Na tambaya yaushe suke sake hoto.
Ta ce ba wanda ya sani, ko gobe, ko baɗi.

Ni da na ce taka ƙasa ya kori gani,
yanzu kullum bayan asuba
ina bakin ƙofarta da carbi a hannu:
Cima, buɗe mini Bagalam,
in ga ko gujiyar ta bushe.