Jeri Na Uku

Shekara biyu ina hawa motar Barkin Ladi,
sanyi na cizon kunnena tun daga Bukur,
littafi a cinya, buhun dankalin wani a kan ƙafata.
Ga abin da na kwaso daga Foli:
takarda guda, jan hatimi,
maki biyu da ɗigo shida.
Ba faɗuwa ba ce.
Ba kuma abin da ake yanka wa kaza ba ne.

Inna ta goge man ƙosai a zani kafin ta taɓa.
Ta ce, "Karanta min."
Na karanta mata sunana, na tsaya.

Na kama aiki a shagon Gyang,
Titin Bauchi, daf da ƙofar jami'a,
wurin injin kwafi mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Sakamakon 'ya'yan mutane na bi ta hannuna
da ɗuminsa, kamar burodin safe.
In dare ya yi, shago ya watse,
nakan kifa tawa a gilashi in danna.
Haske ya je, haske ya dawo,
ta fito yadda ta shiga,
ko ƙwayar acca ba ta ƙaru ba.

Duk da haka na cike fom na shiga aji biyu kai tsaye.
Akanta nake so.
Madam Nanchin ta tagar ofis
ta sauke tabarau, ta dubi takarda, ta dube ni:
"Masu uku da rabi ma suna layi, ɗana.
Me ya same ka a zangon ƙarshe?"

Ban ce Baba ya yi wata huɗu a gadon Lamingo ba.
Ban ce ni ke juya shi da asuba,
in wanke tasa, sannan in bi motar farko ba.
Fom ba shi da layin da ake rubuta wannan.
Na ce, "Haka Allah ya so."
Ta ce, "Ajiye nan. Kuma ka daina lanƙwasa ta."

Jeri na farko ya fito.
Ni na buga wa masu murna kwafi, naira hamsin-hamsin.
Na biyu ya fito ran da aka yi ƙanƙara,
na bi shi da yatsa har ƙasa,
har inda ruwa ya cinye sunayen ƙarshe.
Kawu Ɗanjuma ya ce in zo Dilimi in koyi kayan mota:
"Boko ya ba ka iya abin da zai ba ka."
Na ce masa Litinin.
Litinin uku na yi masa.

Jeri na uku ba a yi masa shela ba.
Gyang ne ya shigo da karyayyar laima:
"Kai, ba kai ne Tasi'u Ladan ba?"
Na tamanin da ɗaya cikin tamanin da uku.
Ba akanta ba, sashen koyarwa aka jefa ni.
Na tsaya gaban allo ina neman fushi,
na laluba ko'ina, ban samu ba.

Yanzu Naraguta nake kwana in tashi.
Yaran ajin sun shekara tare,
sun san laƙabin juna, sun san malamin da ba ya yafiya.
Na kusa da ni "Yallaɓai" yake ce min.
Can baya nake zama, jikin taga,
inda duwatsu ke ɗauke da juna
tun kafin a san maki.

Jiya malama ta tambayi abin da aka koya mana a Foli,
a makon da Baba ya daina magana.
Aji ya yi tsit.
Na ɗaga hannu rabi,
baƙin tawadar inji bai gama fita a farce ba.
Amsar ba ta cika ba.
Ta ce, "Ka kusa. Sunanka?"

Da daddare a Gangare, Inna na jiƙa wake.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"In sun ba ka ta wannan karon,
har ƙasa za ka karanta min."